Kifin da Na Ɗauko wa Yaya Habsu

Bana shekara arba'in ke nan da muka kai Yaya Habsu makwancinta, a bayan ƙauyenmu da ke yamma da Gangara, cikin ƙasar Damargu. Ni ƙanenta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka sa hannu a makararta. Ban taɓa rubuta komai a kanta ba. Bokon ma da tsufana na koye shi, a ajin yaƙi da jahilci, har gobe kuwa alƙalami ya fi bindiga yi mini nauyi. Abin da ya tayar da ni shi ne kasuwar Tanut da ta wuce. Na tsaya gaban wani mai tebur, na ga gwangwanayen kifi a jere, kifin teku, wanda duk ke da hali sai ya miƙa hannu ya ɗauka. Na daɗe a tsaye har mutumin ya ce, "Baba, ko a buɗe maka ɗaya?" Na ce a'a, na koma inuwa na zauna.

Bari in fara gaya muku ko wace ce ita. Mahaifiyarmu ta rasu ina jariri, Yaya Habsu ce ta goye ni, ita ma a lokacin ba ta gama zama mutum ba. Da aka yi mata aure da Malam Idi, nan cikin gari, da ni ta tare, har mutane na tsokana wai an kai amarya da ɗan rakiya wanda bai san hanyar komawa ba. Doguwa ce, mai dariya da ƙarfi, in tana daka kana jin waƙarta daga bakin rijiya. Abu ɗaya ne Allah bai ba ta ba, wato iya rufe hannu. In ta dama fura, duk wanda ya gitta ƙofar gida sai ya sha, ko da kuwa mu na ciki za mu wuni da rabin ciki. Malam Idi yakan ce shi rigarsa ta sallah ƙarƙashin shimfiɗa yake ɓoye ta, don kada ya wayi gari ya gan ta a wuyan baƙo.

Maƙoƙo ya fito mata bayan haihuwarta ta biyu. A wajenmu wannan ba baƙon abu ba ne, mata da yawa na da shi, har ba a cika sa shi cikin cututtuka ba. Wasu su ce ruwan rijiya ne, wasu su ce gado ne. Mace sai ta ƙara duwatsun wuya ta rufe, ta ci gaba da sha'aninta. Na Yaya ya fara kamar ƙwan kaza, amma bai tsaya inda na sauran mata ke tsayawa ba. Wanzami ya yi mata tsaga, an sha rubutu, an shafa duk abin da aka ce a shafa. Shekarar da kumandan Nasara ya aiko wa sarki yana neman samari a kai soja, suna kuma ya faɗa kaina, in ta ɗauko tulu daga rijiya kana jin numfashinta tun kafin ka ga fuskarta. Ta rako ni har ƙarshen gonaki, ta ce, "Isufu, ka dawo mini da ƙafafunka biyu. Ba na son wata tsaraba."

Dakar aka kai mu. Can na fara ganin ruwan da ba shi da tsallake, can kuma aka fara ajiye mini shinkafa da kifi a gaba. Mu mutanen Damargu ba mu san kifi ba. Hatsi muka sani, da nono, da nama ranar da Allah ya kawo. Mun kuma tashi cikin Buzaye, waɗanda a wurinsu kifi ba abinci ba ne ko kaɗan, kuma ƙyamarsu ta shafe mu. Na yi ta ture shi gefe ina cin shinkafa gaya, har yunwa ta koya mini hankali. Da na saba, jikina ya murje, ƙarfi ya zo mini irin wanda ban taɓa ji ba, ni da aka san ni da rama tun ina yaro.

Ina da wata ɗabi'a a garin nan wadda ta sa abokan bariki suka sa ni gaba da tsiya. Duk macen da na gani, wuyanta nake fara duba. Suka ce Isufu mata yake nema, amma dogon wuya yake so. Ni kuwa abin da nake nema daban. Nakan je bakin ruwa inda masunta ke fitowa da jirage, mata na tsaye suna jiran kifi, tsofaffi da 'yan mata, in bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ban ga mai maƙoƙo ba. Abin ya tsaya mini a rai har na tambayi Damba, wani ɗan ƙasar da ke taimakon likitan bariki, wani Nasara. Ya ce bai sani ba, amma zai tambayi Nasaran. Ya dawo ya ce mini likita ya ce akwai wani abu cikin ruwan teku da ke shiga jikin kifinsa, wuyan ɗan Adam kuma yana bukatar wannan abu. Ƙasar da ta yi nisa da teku, abincinta da gishirinta ba su cika samunsa ba, shi ya sa wuya ke kumbura. Ya ce ban da wannan ma, kifin teku yana gina jiki, mansa yana taimakon ido da ƙashi. Amma ba a cinsa tashi ɗaya a ce an warke, kaɗan-kaɗan ake ci, a daɗe ana ci.

Na ce, "Ko da maƙoƙon ya girma?"

Damba ya ce, "Ya ce wanda bai tsufa ba yana sauka. Wanda ya tsufa, sai dai a gwada."

Wannan "a gwada" ita na riƙe har ranar da aka sallame mu. Abokaina suka shiga kasuwa suna sayen atamfa da madubi da laima. Ni na nufi bakin ruwa, wajen matan da ke shanya kifi da gishiri, na sa aka cika mini buhu, aka naɗe da tabarma aka ɗaure. Na yi lissafi a zuciyata, in Yaya za ta riƙa sa ɗan yanki cikin miyarta kullum, zai kai ta daga kaka har damina ta zagayo.

Wanda bai taɓa tafiya da busasshen kifin teku ba bai san wulaƙanci ba. A jirgin ruwa zuwa Ikko da sauƙi, iska na kwashe warin. A jirgin ƙasa zuwa Kano sai da na samu wuri ni kaɗai, kamar wani basarake, don kowa ya tashi ya bar ni. Daga Kano na bi ayari zuwa Damagaram, daga can muka yi arewa. Madugu ya sunsuni kayana sau ɗaya, ya ce raƙumansa ba za su ɗauki mushe ba, sai na nemi jaki, kuma in riƙa bin ayari daga can baya. A zango ma gefe nake sauka, ni da buhuna da ƙudaje. Ban ji haushin kowa ba. Duk dariyar da aka yi mini, sai in tuna da numfashin Yaya a hanyar rijiya, in ƙara ɗaure igiyar.

Na iso gida bayan an gama girbi. Mata suka yi guɗa, gari ya taru, kowa ya ga na shigo da buhu a kan jaki. Yaya ta fito da kanta, ta rungume ni, amma dariyar nan tata ta zama tari. Ta rame, wuyan ya ninka, muryarta ta dushe. Malam Idi ya raɗa mini cewa yanzu a zaune take barci, in ta kwanta numfashi ba ya fita. Da mutane suka ragu na bi ta ɗaki, na zauna gabanta na zayyana mata komai, matan bakin teku, da maganar likita, da yadda za ta riƙa ci kaɗan-kaɗan. Ta saurare ni har na gama, tana gyaɗa kai. Ta ce, "To, na ji. Allah Ya yi maka albarka."

Washegari da safe na tafi gaida mai gari da dattawa. Na dawo da hantsi, tun daga ƙofar gida warin ya tare ni. Na shiga na tarar an kwance buhun a tsakar gida, faya-fayai a jere, Yaya na zaune da wuƙa tana yanka kifin ƙanana-ƙanana, matan maƙwabta na ɗauka suna fita.

Ga waɗanda suka tashi a birni, sai na yi bayani. A ƙauyenmu na wancan zamani, tsaraba ba kyauta ba ce da mutum ke yi in ya ga dama. In matafiyi ya dawo, duk abin da ya shigo da shi, kowane gida sai ya samu, ko da bai wuce farcen hannu ba. Gidan da aka tsallake an yanke zumunci da shi ke nan, kuma za a riƙe maganar har jikoki. Ni na san wannan sarai, a cikinsa na tashi. Kawai dai ban taɓa kawo wa raina cewa buhuna tsaraba ne ba.

Na ce, "Yaya, me kike yi haka? Magani ne fa na kawo miki!"

Ba ta ɗago ba, ta ce, "Kowa ya ga ka shigo da buhu, Isufu. Bara da na kasa, su wa suka nome mini gona? Wa ke ɗebo mini ruwa yanzu? So kake a ce ƙanen Habsu ya je har ƙarshen duniya ya dawo, ta ja ƙofa ta cinye ita kaɗai?"

Na ce, "Su ce mana! In kin warke sai su yi ta faɗa."

Sai ta ajiye wuƙar, ta jira numfashinta ya dawo, sannan ta dube ni. "To, in ma magani ne, ni kaɗai ce mai maƙoƙo a garin nan?"

Shekara arba'in ina neman amsar wannan tambaya, ban samu wadda za ta gamsar da ita ba. Na juya wajen Malam Idi, yana zaune bakin rumbu yana jan carbi. Ya ce, "Kada ka dube ni. Tun da na aure ta ban taɓa iya rufe hannun nan ba." Ya zo mini a rai in sunkuya in fizge abin da ya rage. Amma wannan matar a bayanta na girma, ga matan gari tsaye suna kallo, kuma na san ko na fizge ba za ta sa shi a baki ba bayan an ƙwace shi daga hannun maƙwabta. Na tsaya nan kamar an dasa ni, ina ganin faya-fayai suna fita ɗaya bayan ɗaya.

Da a ce an ci kifin, da baƙin cikina ya zo da sauƙi. Ba a ci ba. A wani gida karnuka aka jefa wa. A wani aka binne bayan danga saboda wari. Agali, wani Buzu da ke sauka kusa da rijiyarmu da dabbobinsa, da bakin sanda ya karɓi nasa, ya yi godiya mai tsawo, washegari ya aiko mana da cuku. Amma abin da ya fi kashe mini jiki shi ne na mata masu maƙoƙo. Labari ya riga ya zaga cewa maganin wuya ne daga teku. A saninmu kuwa, maganin wuya mai daraja irin wannan a wuya ake rataya shi. Sai suka kai wa baduku, ya ɗinke musu cikin fata, kowace ta rataya tata laya. Na shiga gidan wata tsohuwa, Inna Gaje, da niyyar in ce ta farke ta sa a miya. Kafin in buɗe baki ta jawo layar ta nuna mini, ta kama hannuna tana sa mini albarka har da hawaye, wai tun da ta rataya take jin sauƙi. Na yi ta bayani, tana ta cewa, "Haka ne, ɗana," hannunta na kan layar. Na fito ban san inda zan nufa ba.

Gidanmu kuwa ya cika da tukuici. Wannan ta aiko da hatsi, waccan da ƙwai, wata da nono. Yaya ta zauna tsakiyar ƙwarya da faifai, fuskarta ta yi haske irin wanda ban gani ba tun dawowata. Ta ce, "Ka gani ko?" Na gani. Ban taɓa ganin mutum yana murna haka a ranar da na fi kowa baƙin ciki ba.

Ta rage yanki ɗaya, kamar tafin hannu. Na roƙe ta da girman Allah ta ci wannan ko da shi kaɗai ne, ta ce ta ji. Da almuru aka kawo mini akushina, tuwo da miyar kuka. Loma ta farko na ji teku a bakina. Na ɗaga kai, tana zaune bakin ƙofa, jingine, tana kallona tana murmushi. Ta ce, "Na ga hanya ta ramar da kai. Kai ka saba da shi, ni warinsa ma hawa kaina yake yi." Na tura mata akushin, ta tsoma yatsa ta lasa don kada in ji haushi, ta ce gishiri ya yi yawa. Na cinye tuwon nan hawaye na zuba a ciki, don in na bari ita zan ɓata wa rai.

Ban zauna ba bayan wannan. Na ba fatake saƙo zuwa Kano, suka kawo mini banda, kifin tafki, suka ce ai kifi kifi ne. Ta ci don ta faranta mini, ba abin da ya canza. Na ƙudura in koma bakin teku da kaina in an yi shuka an samu abin guzuri. Ba ta jira ba. Cikin bazara, da zafin nan da ke sa mai lafiya ma haki, numfashi ya ƙi ta. Ta cika a zaune, da hantsi, tana jingine da ƙirjina, ina yi mata fifita da faifai. Ni da na goyu a bayanta, abin da na iya yi mata ke nan.

Kwanakin baya na je likita a Tanut saboda ciwon gwiwa, na tambayi ma'aikacin da ya duba ni, wani saurayi mai haƙuri. Ya maimaita mini kusan abin da Damba ya faɗa, har ya ce yanzu akwai maganin da suke bayarwa in an kawo mutum da wuri. Na ce, to buhu guda, a ci daga kaka zuwa damina, da ya tsayar da nata? Ya ce, "Baba, ban gan ta ba, ba zan iya ce maka i ko a'a ba." Na gode masa da bai yi mini ƙarya ba. Amma da ya ce a'a, da na samu barci.

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da ta ga yau. Mota na kawo kifin teku har Tanut, a rufe cikin ƙarfe, ba wari, ba madugun da zai kore ka baya. Ina jin za ta juya gwangwanin a hannu, ta tambayi guda nawa ne a ciki, ta soma ƙirga gidajen maƙwabta. Kuma da ta ga yadda matafiyan yanzu ke dawowa daga Kano su shige ɗaki da akwati su ja ƙofa, da ta riƙe baki. Abin dariya, ni ma ina cikin masu gunaguni a kansu, ni da na taɓa tsayawa tsakar gida ina ihun su ce mana. Al'adar da ta noma mata gona ita ce ta raba maganinta, kuma har yau ban san yadda zan so ɗaya in ƙi ɗaya ba.

Me ya rage nata? 'Ya'yanta sun bi ta, gidan ma ya zama gona. Akwai 'yan mata da yawa a ƙauyenmu masu suna Habsu, kuma in mace ta cika kyauta akan ce ta gado ta. Na ɗauka shi ke nan, sai ranar kasuwar nan da na fara ba ku labari. Ina zaune a inuwa, wata mata 'yar ƙauyenmu ta zo gaishe ni, da 'yarta budurwa. Tsohuwar ɗabi'a ba ta bar ni ba, na dubi wuyan yarinyar. Ya fara tasowa. A kansa kuma ga wata tsohuwar laya, fatar ta yi baƙi ta yi ƙyalli don daɗewa. Na ce wannan fa? Uwar ta ce, "Layar Habsu ce, Baba, tun ta kakata Gaje. Daga teku aka kawo ta, maganin maƙoƙo ce."

Na tashi da gwiwar nan tawa na koma wajen mai tebur, na karɓo gwangwani uku na sa a hannun uwar. Na ce ta kai yarinyar likita kafin su bar gari, wannan kuma a buɗe mata ta ci, ita kaɗai, ba a rataya ba, ba a ajiye ba. Na faɗa na maimaita. Ta durƙusa ta yi godiya, ta ɗaure su a bakin zane. Suna juyawa na ji tana ce wa 'yar, "Ɗaya na gidan kawunki, ɗaya na maƙwabta, kin san sun ga mun taho kasuwa."

Na koma na zauna, ina kallonsu har suka shige cikin mutane.

Allah Ya jiƙan Yaya Habsu, Ya saukar da ita inda numfashi ba ya wuya.